Cajin waya da caji ofis: me ya haɗa su?

Mai Caji: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambayar da ta kwana a raina. Sana'ata cajin waya ce, shekara shida ke nan ina zaune gaban katako mai soket arba'in, ina manna wa kowace waya lamba da farin tef don kada ta rikice da ta wani. Jiya da yamma wani dattijo ya kawo tasa, ya ce in yi masa sauri, zai je caji ofis belin ɗansa. Bayan ya tafi na tsaya ina tunani. Cajin da nake yi da cajin 'yan sanda kalma ɗaya ce? Ga kuma wanda banki ke zaftarewa a asusu, shi ma caji suke ce masa. Masu Turanci ku taimaka mana.

Tsohon Tica: Wa alaikumus salam. Yaro, ka yi tambaya mai kyau, kuma amsarta e ce. Kalma ɗaya ce, charge, kuma duk ma'anoninta daga wuri guda suka tsiro: ɗora wa amalanke kaya.

Ga yadda abin yake. Mutanen Gol, ƙasar da ta zama Faransa a yau, gwanayen ƙera keken shanu ne, suna kiransa karros. Romawa suka ari kalmar ta zama carrus a Latin. Yuliyos Kaisar da kansa ya yi amfani da ita a labarin yaƙinsa da mutanen Gol, wanda ya fara a shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya Latin ta fitar da aikatau daga wannan suna, carricare, wato a yi wa keken lodi. A bakin Faransawan da ta koma chargier. To a 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmomi dubbai suka kwarara cikin Turanci. Wannan tana cikinsu. Wajen ƙarni na 13 ta bayyana a rubutun Turanci, kuma a lokacin ma'anarta kaya ne kawai, kayan da ake ɗauka.

Mai Caji: Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma har yanzu ban ga inda amalanke ya haɗu da ɗan sanda ba.

Tsohon Tica: Ai a bakinka amsar take. Idan aka zargi mutum, me muke cewa? An ɗora masa laifi. Idan aka ba shi riƙon gida ko makaranta? An ɗora masa nauyi. Idan gwamnati ta sa kuɗi? Ta ɗora haraji. Ka ga ɗorawa uku, babu wadda aka yi da igiya da gammo, amma duk muna jin nauyinsu a wuya. Haka Bature ya yi da tasa kalmar. Daga kayan amalanke ta koma nauyin da aka damƙa maka, shi ya sa wanda ke riƙe da wuri ake ce masa in charge. Ta koma kuɗin da ya hau kanka, wannan shi ne na banki. Ta koma laifin da aka aza maka, wannan shi ne na ofishin 'yan sanda. Shekara talatin da ɗaya na yi a aji, kuma duk yaron da na nuna wa wannan bai sake rikicewa ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke sa yara haddar ma'ana bakwai daga ƙamus kamar baƙi bakwai ne da ba su san juna ba, alhali 'yan ɗaki ɗaya ne.

Direban Tirela: Malam ka taɓo sana'ata. Mu a tasha lodi muke cewa. Buhu ɗari shida na siminti, a ja tamfal, a ɗaure. Kuma wallahi da zarar an gama lodi na sa hannu a takarda, barcina ya ragu, domin kayan ya bar wuyan mai shi ya dawo nawa har sai na sauke. To na gane abin da kake nufi da kaya ya zama nauyi.

Ɗan Maraɗi: Sannunku 'yan uwa. Mu nan Nijar abin bai ɓoye mana ba, don Faransanci bai saki ma'anar farko ba. In za a yi wa babbar mota lodin albasa a Galmi, charger ake cewa, kuma kalmar nan dai ita ce ta waya. Akwai kuma chargé d'affaires, wanda ke riƙe ofishin jakadanci in babu jakada, ma'anarsa wanda aka ɗora wa al'amura. Amma Malam, me ya sa mu muke furta ta da "sh", ku kuna furtawa da "c"?

Tsohon Tica: Madalla da wannan. Turawan Ingila sun karɓe ta ne lokacin da Faransawa kansu ke furta ta da "c". Daga baya harshen Faransawa ya sauya zuwa "sh", Ingila kuwa ta riƙe tsohon furucin. Dubi chief da chef: kalma ɗaya ce aka aro sau biyu, ta farko da wuri, ta biyu bayan ɗaruruwan shekaru. Don haka "c" ɗin da ke cikin caji na Kano ya fi "sh" ɗin Faris tsufa.

Akwai ƙari. Faransancin arewa, na Normandi, bai ma taɓa barin "k" ba. Ta can ne car da carry suka shiga Turanci. Cargo kuma ta Sifaniyanci ta biyo. Duk jikokin keken shanun nan ne.

Ɗan Gani Kashe Nin Hausa: Ni fa ban gamsu ba, Malam, da dukkan girmamawa. Irin wannan bayani yana da daɗin ji, amma kowa zai iya zama ya ƙulla zare tsakanin kowace ma'ana da wata. In na ga dama zan ce gari na tuwo da gari na mutane abu ɗaya ne, in kawo labari mai daɗi. Ta ina muka san ba haka aka yi a nan ba?

Tsohon Tica: Ka yi daidai da ka tambaya, kuma ban ji haushi ba. Bambancin shi ne rubutu. Gàrin tuwo da garin mutane ko a baki ba ɗaya ba ne, wasalin farko na ɗaya dogo ne, na ɗayan gajere. Ita kuwa wannan kalma an bi sawunta a takardu ƙarni bayan ƙarni, kuma ma'anonin sun bayyana a jere: kaya da farko, nauyin aiki a ƙarni na 14, kuɗi da tuhuma a ƙarni na 15, ɗura bindiga da afka wa maƙiyi a ƙarni na 16, lantarki a ƙarni na 18. Sannan 'yan uwanta a Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci sun bi kusan hanya ɗaya. Kuma Turanci na da irin misalinka na gari. Bat na jemage da bat na sandar wasa ba su haɗa kaka ba, masana sun raba su. Ba kowace kama ce suke karɓa ba.

Ɗan Gani Kashe Nin Hausa: To na karɓi wannan. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: tunda muna da tuhuma, muna da nauyi, muna da farashi, me ya kai mu aron caji? Kullum sai mu riƙa jibga Turanci a harshenmu.

Barista: Bari in shigo ta ɓangarena. Tuhuma ita ce fassarar da ta dace, kuma ita muke amfani da ita a kotu in ana yi wa wanda ake ƙara bayani. Amma a sani, a shari'a kalmar tana da iyaka ƙwarai. Ba duk wanda aka kai caji ofis ba ne aka tuhuma. Tuhuma takarda ce da ke faɗin laifin, da ranar, da wurin, da sashen dokar da aka karya, a karanta wa mutum a gaban alƙali ya amsa ko ya musa. A Arewa, ƙarƙashin tsohon tsarin da aka fara aiki da shi a 1960, 'yan sanda rahoton farko suke kaiwa kotun majistare, alƙali ne ke tsara tuhumar bayan ya saurari shaidun masu ƙara. Kuma sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ina faɗin wannan ne saboda dattijon da Mai Caji ya ambata. Iyaye da yawa suna jin an ce ɗansu na caji ofis sai su ɗauka an gama da shi, su fara sayar da akuya.

Game da aro kuwa, Malam zai gyara mini, amma kotu da joji da beli duk ta wannan hanyar suka zo, daga Faransanci zuwa Turanci zuwa gare mu. Su kansu Ingilishi sai a 1362 suka yi dokar cewa a riƙa shari'a da Turanci, don talakawa ba sa jin abin da ake faɗa a kansu.

Tsohon Tica: Babu gyara, Barista. Haka yake.

Malama Mai Nazarin Harshe: Yaya Ɗan Gani Kashe Ni, ina so in ba ka hujjar da ta sa nake ganin kalmar nan ta riga ta zama tamu. Saurari yadda muke sarrafa ta. Muna cewa caji, amma muna cewa zan caza wayata, ta cazu, kada ka caza mini kai. Daga ina "z" ta fito? Babu ita a kalmar Turancin. A Hausa "z" kan koma "j" in ta zo gaban "i" ko "e": ciza, ya ciji yaro, ya cije leɓe. Da kunnen Bahaushe ya ji caji, sai ya ɗauka lallai akwai caza a bayanta, ya ƙirƙiro ta. Haka aka yi da canji, aka samu canza, yau wa zai ce canza baƙuwa ce? Kalmar da ta shiga nahawunka har ta haifi 'ya'ya ta wuce a kira ta baƙuwa. Kuma caza kai namu ne, mu muka ƙera shi a nan.

Ɗan Gani Kashe Nin Hausa: Malama, wannan ta shige ni. Ban taɓa lura da zancen canza ba. Amma dai a rubutu na hukuma ina roƙon a riƙa cewa tuhuma.

Malama Mai Nazarin Harshe: A nan muna tare ɗari bisa ɗari.

Mai Caji: To saura nawa fa? An yi bayanin ɗan sanda da banki, an bar mai tambaya.

Jikan Sarkin Bindiga: Kafin masu boko su amsa, bari in faɗi abin da na gani da idona, don Malam ya ambaci ɗura bindiga. Kakana na cikin 'yan bindigar da ke buɗe hawan Sallah. Daren jajibere yakan zauna a zaure da bindigar toka a tsaye tsakanin ƙafafunsa, ya auna albarushi a tafin hannu, ya zuba ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da dogon ƙarfe har sai ya ji ya zauna. Daga nan ba mai wucewa ta gabanta. Shiru take, amma kowa ya san a cike take, jira kawai take a taɓa kunama ta amayar da komai lokaci guda. In wannan ne Bature ke kira da kalmar, to ina jin na hango inda waya ta shigo.

Ɗalibin Fiziks: Yaya ka harbo daidai. A 1745 da 1746 wasu masu bincike biyu, ɗaya a ƙasar Jamus ɗaya a birnin Laidin na Holan, kowa da kansa, suka gano za a iya tara lantarki a cikin kwalba. In ka taɓa ta sai ta sake shi gaba ɗaya, da tartsatsi da ƙara, ta girgiza mutum har ƙashi. Mutanen zamanin bindigar ɗuri suka sani, don haka suka ari kalmominta: a ɗura kwalba, a sauke ta. Benjamin Franklin na Filadelfiya, wanda hotonsa ke kan dala 100, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan amfani a wasiƙunsa na ƙarshen shekarun 1740. Shi ne kuma ya kira jerin irin waɗannan ma'ajiyai da aka haɗa wuri guda battery, kalmar da sojoji ke kiran jerin igwa da ita. Batirin da ke shagonka, Mai Caji, sunan soja yake ɗauke da shi.

Amma ga wani abu da nake so a lura. Kalmar tana sa mu ɗauka ana zuba wuta a waya kamar yadda ake ɗura ruwa a jarka. Ba haka ba ne, kuma Franklin kansa ya lura cewa kwalbar da aka caza ba ta fi wadda ba a caza ba yawan lantarki, abin da gefe ɗaya ya samu shi ɗayan ya rasa. A batirin waya ma ƙwayoyin litiyam ne caja ke turawa daga wannan gefe zuwa wancan. In kana amfani da wayar suna komawa inda suka fito, a hanyar komawar ne suke yin aiki. Ya fi kama da tura ruwa sama cikin tanki: ruwan bai ƙaru ba, an dai ɗaga shi. Batirin da ake iya sake cazawa Bafaranshe Gaston Planté ya fara yin sa a 1859, da dalma da ruwan asid, irin na mota. Na litiyam kuwa kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991.

Mai Caji: Ikon Allah. Shi ya sa batirin da ya tsufa ko ya kwana a soket ba ya riƙewa?

Ɗalibin Fiziks: Shi ne. A kowane zagaye wasu ƙwayoyin kan maƙale su daina tafiya, kuma zafi na ƙara saurin hakan. In katakonka rana na dukansa, ka matsar da shi inuwa. Wanda ya kumbura kuma kada ka karɓe shi ko nawa za a biya.

Maman Biyu: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina ta karantawa ina jiran a zo kan discharge. Kullum muna rubuta ta in za a sallami majiyyaci. Ashe sauke kaya ke nan? Na tuna wata mata da ta yi sati uku a gadonmu bayan tiyata. Ranar da likita ya rubuta mata sallama, mijinta ya naɗe tabarmar da yake kwana a kai a baranda, ya ɗaure fulas da kwanuka a zani, ya ce mini, "Sista, yau an sauke mini dutse." Bai san kalmar da ke jikin takardar ba, amma ita ya faɗa.

Barista: Kotu ma ita take amfani da ita in ta sallami mutum. Sai dai a kula, sallama daban, wankewa daban. Wanda aka sallama kawai ana iya sake kawo shi kan wannan magana, wanda aka wanke kuwa an rufe ta.

Direban Tirela: Ina da wata. A hanya in aka tsayar da mu sai a ce za a caje mota. Ita ma daga nan take?

Tsohon Tica: Ni a kunnena wannan daga search ta fito, wato bincike, ta zo ta faɗa jikin caji saboda sun yi kama. Ma'anar lalube ba ta cikin charge ko kaɗan.

Malama Mai Nazarin Harshe: Baba, a nan zan ɗan saɓa maka. Caje ita ce ainihin siffar da caza za ta ɗauka, kamar ciza da cije. Kuma me ake fara yi wa mutum in an shigar da shi caji ofis? A bayan kanta ake tsayar da shi, a juye aljihunsa, a karɓi bel da takalmi da waya a rubuta. Ina ganin daga wannan wuri aikin ya ɗauki sunansa.

Tsohon Tica: Hujjarki ta nahawu tana da ƙarfi, 'yata. Amma ki tuna Bahaushe kan ji "s" ta Turanci ya ba ta wani sauti in ya ga dama, kuma soja da ɗan sandan da suka kawo mana kalmar suna faɗin duka biyun a rana ɗaya. Ina nan a kan nawa.

Malama Mai Nazarin Harshe: To Baba, kowa ya riƙe nasa, zan ƙara tambayar tsofaffin 'yan sanda.

Ɗan Maraɗi: Tun ɗazu wata kalma ke yi mini yawo a kai: karusa. Italiyawa na kiran keken doki carrozza, daga carro, daga carrus ɗin nan da Malam ya faɗa. Larabawan Tarabulus da Tunis suka karɓa suna cewa karrusa. Mu kuma fatakenmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Tarabulus, Gadamas, Gat, Agadas, zuwa Damagaram da Kano. Ina kyautata zaton ta nan ta shigo mana. In haka ne, keken mutanen Gol ya iso ƙasar Hausa sau biyu: da farko ta hamada a bayan raƙumi, daga baya ta teku a bakin Bature.

Tsohon Tica: Wallahi ban taɓa haɗa su ba sai yau, kuma zaren Italiyanci zuwa Latin ɗin daidai yake. Na rubuta a littafina.

Jikan Sarkin Bindiga: Saura ma'anar afka wa maƙiyi, Malam, ka ambata ka wuce.

Tsohon Tica: Ita ce mahaya su sako dawakai gaba ɗaya su faɗa kan abokan gaba da dukkan nauyinsu. Wadda Ingilishi suka fi tunawa ita ce ta Balakalaba a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, inda mahaya kusan 670 suka sukwano cikin kwari suka tunkari igwar Rasha saboda umarnin da aka fahimta a karkace. In kana son ganin siffarta ba tare da jini ba, ka tsaya ƙofar fada ranar hawan daushe ka kalli jahi.

Mai Caji: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Dattijon nan ya dawo ɗazu karɓar cajarsa da ya manta a wurina. Na tambaye shi yaron, ya ce an ba da shi beli, ranar Litinin za su kotu. Barista, na karanta masa abin da ka rubuta, ya ce in tambaye ka ko dole ne sai ya ɗauki lauya tun zaman farko.

Barista: Ka ce masa ya fi kyau ya je da lauya, musamman in laifin mai nauyi ne. In ba shi da hali, ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a da ke babban birnin jiharsu, kyauta suke yi wa marasa ƙarfi. Kuma yaron kada ya amsa komai sai an karanta masa da Hausa ya fahimta, haƙƙinsa ne a ba shi tafinta. Ka turo mini saƙo ta gefe in faɗa maka takardun da zai riƙe.